Katakon Jikin Jita da Muryar Rok Mai Nauyi: Yadda Za Ka Zaɓa da Hannunka da Kunnenka

Da wuya masu kaɗa jitar lantarki su zauna su tashi ba a taɓo maganar katako ba. Wannan ya ce mahogani ne mai murya mai kauri, wancan ya ce alda ta fi kaifi, wani kuma ya rantse cewa baswud katakon masu neman araha ne. Na daɗe ina cikin masu wannan musu, har na taɓa rabuwa da wata jita da hannuna ya saba da ita, don kawai an ce mini katakonta ba na kiɗa mai nauyi ba ne. Bayan 'yan watanni na ji ta a hannun wanda ya saye ta. Ya sauya mata fikof, wato na'urar da ke ɗauko sautin tsirkiya, ya ɗaura mata tsirkiyoyi masu kauri, ya sauke saitinta ƙasa, wato ya sassauta tsirkiyoyin don sautinsu ya yi ƙasa. Sai ga ta tana ruri kamar hadari ya haɗo. Katakon nan dai shi ne, ko fentinsa ba a taɓa ba.

Katako yana da tasiri, wannan ba na musunsa. Amma tasirinsa ya fi yawa a kafaɗarka, da tafin hannunka, da daɗewar amon kowace tsirkiya, fiye da yadda yake a bakin sifika bayan an ƙure gurnani, wato kaushin da amfilifaya ke ƙara wa sauti. Matakan da ke tafe na jera su ne bisa yadda nake bi idan zan sayi jita, ko in wani ya kawo mini tasa yana kukan ba ta da murya.

Mataki na 1: Fara sanin hanyar da sauti ke bi

A jitar da ba ta lantarki, katako shi ne mai magana. Tsirkiya ta girgiza jaki, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jikin jita, jaki ya girgiza siririn allon fuska, allon ya tura iska zuwa kunne. A can, in ka sauya katako ka sauya murya gaba ɗaya.

Jitar lantarki ba haka take ba. Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a samansa, kaɗawar ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin naɗin, wutar ta bi waya zuwa amfilifaya. Maganaɗisu bai san katako ba, tsirkiya kaɗai ya sani. Saboda haka hanya ɗaya ce katako ke shiga maganar: ta abin da yake ƙwacewa daga tsirkiya. Tsirkiya tana ɗaure a wuri biyu, kan jaki da kuma kan ƙarfen firet ɗin da yatsanka ya danne, wato ɗaya daga ƙananan sandunan ƙarfe da ke jere a wuyan jita. Idan wurin da aka ɗaure ta ya ƙi motsi, ƙarfin kaɗawar yana zama a cikinta, amo ya daɗe. Idan wurin yana ɗan rawa tare da ita, sai ya sha wani kaso na ƙarfin, wasu sassan sautin su mutu da wuri. Katako ba ya ƙara wa tsirkiya komai. Ragewa yake yi, kuma kowane guntun katako da irin tasa ragewar.

Wannan shi ne tunanin da ya sa makaɗin Amurka Les Paul, wajen 1940, ya ɗauko wani gungumen katakon fayin mai faɗin inci 4 da kaurin inci 4, ya sa masa wuya da fikof. Neman jikin da ba zai rawa ba yake yi. Tun daga tushe, an ƙera jita mai toshasshen jiki ne don katako ya yi shiru.

Masu bincike sun auna wannan. Manfred Zollner, farfesan ilimin sauti a Regensburg ta Jamus, ya shafe shekaru yana aune-aune a kan jitar lantarki, abin da ya samu shi ne tasirin katakon jiki ƙarami ne idan aka gwada shi da na fikof, da jaki, da waya. Helmut Fleischer kuma, a jami'ar sojojin Jamus da ke Munich, ya nuna cewa wuyan jita ya fi jikinta shan ƙarfin tsirkiya nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 2022 wani makaɗi a Amurka, Jim Lill, ya ɗaure tsirkiyoyi tsakanin teburin aiki da wani abu mai nauyi, babu jiki babu wuya, ya sa fikof a daidai inda ya kamata, sautin da ya fito ya yi kusa ainun da na cikakkiyar jita.

Ƙara da wannan: kiɗa mai nauyi yana bi ta gurnani. Amfilifaya tana matse sautin, ta aske kawunansa, ta haifar da sabbin ƙananan sautuka da ba su cikin tsirkiyar tun farko. Sannan sifikar jita ta datse kusan duk abin da ya haura haz 5,000, wato kaɗawa sau 5,000 a daƙiƙa. Ɗan bambancin da katako ya kawo sai ya ratsa duk waɗannan ƙofofi kafin ya iso kunnen mai sauraro. Wani yana tsira, mafi yawa ba ya tsira.

Mataki na 2: Gyara abubuwan da suka fi katako ƙarfi

Kafin ka ɗora wa katako laifi ko yabo, duba waɗannan.

Fikof shi ne kan gaba. Hambaka, wato fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitarsu mai suna Les Paul a 1957, yana kashe ƙugin wutar lantarki, yana kuma ba da sauti mai kauri da ƙarfi. Shi ya sa kusan duk masu kiɗa mai nauyi shi suke sawa a kusa da jaki. Akwai masu amfani da batir mai bolt 9, irin su EMG 81, waɗanda ke ba da sauti matsattse mai tsini, irin wanda aka san James Hetfield na Metallica da shi shekaru da dama. Fikof irin wannan in ka sa shi a jita uku masu katako daban-daban, za ka ji muryarsa ce ke rinjaye a dukkansu.

Nisan fikof da tsirkiya shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka auna tazarar. Ga hambaka marar batir, fara da kimanin milimita 2 zuwa 2.5, sannan ka riƙa juya sukurun rabin zagaye kana saurare. Sau da yawa jitar da aka ce katakonta ya toshe mata murya, fikof ne kawai ya nutse ƙasa.

Sai tsayin tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki. Na Gibson inci 24.75 ne, na Fender da yawancin Ibanez da Jackson inci 25.5. Doguwar tsirkiya ta fi ɗaurewa tam, ta fi kaifi, ta fi saurin amsawa. Gajeriya ta fi laushi da kauri. Kaso mai tsoka na abin da mutane ke kira muryar mahogani, a gaskiya muryar gajeriyar tsirkiya ce da hambaka, domin a jitocin Gibson na Les Paul da SG duk ukun tare suke zuwa.

Idan kana sauke saiti, lissafin ya ƙara muhimmanci. Babbar tsirkiya a saitin E tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa. In ka sauke ta zuwa D ta koma 73, a C kuma 65. Tsirkiyar da ta dace da E za ta saki jiki a C, ta riƙa lilo, sautin ya dagule kamar ruwan kududdufi. Maganin shi ne ƙarin kauri: wanda ke amfani da jerin tsirkiyoyi masu lambar kauri 10 zuwa 46 ya koma 11 zuwa 54 ko 12 zuwa 56. Babu katakon da zai yi maka wannan aikin.

Na ƙarshe, sifika da makirfon. Matsar da makirfon inci 1 daga tsakiyar sifika zuwa gefe yana sauya sauti fiye da sauya jikin jita kacokan. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban akwatin sifika da makirfon SM57 a hannu ya san wannan.

Mataki na 3: Yanzu ka san katakan

Zan faɗi abin da aka saba faɗa a kan kowanne, da abin da za a iya aunawa, da abin da ni na gani.

Mahogani shi ne sarkin wannan fage a bakin mutane. Asalin wanda Gibson ta fara amfani da shi daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake zuwa, nauyinsa kimanin kilo 590 a kowane gungume mai mita 1 a tsayi da faɗi da kauri. Akwai kuma na Afirka, dangin maɗaci, wanda kamfanoni da yawa ke amfani da shi yanzu. Ana cewa yana ba da murya mai ɗumi, mai cika a tsakiya, mai daɗewa. Les Paul ta 1952 da shi aka yi ta, aka ɗora mata fuskar mefil mai kauri. SG ta 1961 kuwa zallan mahogani ce, siririya, kaurinta bai wuce milimita 35 ba.

A kan SG ɗin nan nake so ka ɗan tsaya. Tony Iommi na Black Sabbath, wanda ake ɗauka uban wannan kiɗa, yana ɗan shekara 17 injin masana'anta a Birmingham ya yanke masa kan yatsu biyu na hannun da yake danne tsirkiya da shi. Saboda zafin yatsun ya koma siraran tsirkiyoyi, a 1971 kuma ya sauke saiti ƙasa sosai. Jitar da yake riƙe da ita SG ce mai nauyin kilo 3 da ɗoriya kaɗan. Wato sautin da duniya ta fara sani da sunan nauyi, daga jita marar nauyi ya fito, mai siraran tsirkiyoyi, ta cikin amfilifayar Laney da aka ƙure. Duk sa'ad da wani ya ce maka sai jita ta yi nauyin dutse take ba da murya mai nauyi, ka tuna da wannan.

Abu ɗaya da ya kamata ka kula da shi: kalmar mahogani a takardar talla ba koyaushe take nufin katako ɗaya ba. A jita masu sauƙin kuɗi za ka tarar da nato, ko meranti, ko okume, ko safele, wani lokaci duk a ƙarƙashin suna guda. Ba lallai ne su zama marasa kyau ba. Amma in bishiyoyi huɗu ko biyar da yawancinsu ba su haɗa dangi ba duka suna amsa suna ɗaya, to ka ga sunan kaɗai ba zai faɗa maka muryar jita ba.

Mefil katako ne mai tauri da nauyi, kimanin kilo 700. Ba a cika yin jiki duka da shi ba saboda kafaɗa ba za ta ɗauka ba. Fuska ake yi da shi, da wuya. Idan fuskar mai kauri ce kamar ta Les Paul, tana ƙara wa jikin ƙarfi a daidai inda ƙafafun jaki suka shiga, masu kiɗa suna cewa tana ƙara cizo a farkon bugu. Idan kuwa ɗan siririn ɓawo ne da bai kai milimita 1 ba, wanda aka manna don zanen jikinsa, wannan ado ne kawai. Ka saye shi don ido, babu laifi, amma kada ka biya don kunne.

Alda ita ce Fender ta koma wa a 1956. Kafin nan ash take amfani da shi. Dalilin sauyin ba na murya ba ne: alda tana da yawa a yammacin Amurka kusa da masana'antar, kuma fuskarta a rufe take, fenti yana kwanciya ba sai an cike ramukan jiki ba. Nauyinta wajen kilo 450 ne, an san ta da murya daidai-wa-daida, babu sashen da ya yi wa wani zarra. Jita masu yawa na Jackson da Charvel da ESP da ita ake yi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba su da nauyin murya.

Ash iri biyu ne a hannun maƙera. Akwai na fadama, daga kudancin Amurka, mai sauƙin nauyi saboda gindin bishiyar yana zama cikin ruwa. Akwai na arewa, mai tauri da nauyi, kusan kilo 670. Jitar da Eddie Van Halen ya harhaɗa da hannunsa, wadda duniya ta gani a 1978, jikinta ash ne da masana'anta ta ware saboda yana da aibi, ya saya da arha, ya sassaƙe rami ya cusa tsohon hambakan Gibson. Yau ash yana ƙaranci. Wani ƙwaro mai huda bishiyar da aka gano a Michigan a 2002 ya kashe miliyoyinsu, ga ambaliya a yankin Mississippi, har a 2020 Fender ta sanar da janye shi daga yawancin jitocinta.

Baswud shi ne wanda aka fi zalunta. Yana da sauƙi, kimanin kilo 415, ba shi da zanen jiki mai kyau, shi ya sa ake rufe shi da fenti, kuma ana samunsa a jita masu arha. Daga nan aka yanke masa hukunci. Amma Ibanez RG550 ta 1987 da shi aka yi ta, haka JEM ta Steve Vai da ta fito a shekarar, haka jitocin Joe Satriani na farko a kamfanin. Da Van Halen ya zo ƙera tasa da kamfanin Music Man a 1991, yana da ikon zaɓar kowane katako a duniya, baswud ya zaɓa da fuskar mefil. Waccan jitar da na ba ka labari a farko ma baswud ce.

Aibinsa na gaskiya ba a murya yake ba, laushi ne. Farce ma yana iya shata shi. Na taɓa ganin sukurun maɓallin ɗamara ya zare daga jikin baswud ana tsakiyar kiɗa, jitar ta tafi ƙasa, mai ita ya tare ta da gwiwa. Da muka duba ramin, katakon ciki ya zama gari. Haka kuma sandunan da jaki mai lilo samfurin Floyd Rose ke jingina a kansu, in katakon ya yi laushi da yawa, da shekaru sukan fara karkata gaba saboda jan tsirkiya, saiti ya daina zama. In za ka sayi tsohuwar jitar baswud mai irin wannan jaki, leƙa gindin sandunan nan biyu ka ga ko fenti ya tsage a gabansu.

Korina, wadda asalinta limba ce ta dazukan Afirka, ita aka yi Flying V da Explorer na 1958 da ita. A hannu da nauyi kusa take da mahogani. Tsadar da ake ɗora mata ta tarihi ce da ƙaranci. Fofla kuma ƙanwar alda ce a kusan komai, sai dai launinta mai ratsin kore da ke sa a ɓoye ta a ƙarƙashin fenti.

Ka lura da wani abu a alƙaluman nan duka: matsakaici ne. Itace biyu na iri ɗaya, ɗaya ya girma a fadama ɗaya a tudu, nauyinsu na iya bambanta sosai, har ka sami guntun mahogani da ya fi guntun alda sauƙi. Ciki ɗaya ba hali ɗaya ba. Shi ya sa sauran matakan duk a kan jitar da ke hannunka suke, ba a kan sunan bishiya ba.

Mataki na 4: Juya ka dubi wuya

Jiki gungume ne gajere mai kauri, wuya kuwa dogo ne siriri, an kama shi a gefe ɗaya kawai. Shi ne mai rawa. Idan sautin da ka danna ya yi daidai da sautin da wuyan ke son rawa a kai, wuyan sai ya shanye ƙarfin tsirkiyar, amon ya mutu cikin daƙiƙa 2 ko 3, alhali na firet ɗin kusa da shi yana kai 8 ko 10. Wannan shi ake kira mataccen wuri. Ga mai jan dogon amo a tsakiyar kiɗa, babu abin da ya fi shi ɓata rai.

Wuyan mefil ya fi na mahogani ƙin lanƙwasa. Wanda aka harhaɗa da yanka 3 ko 5 ya fi tsayawa, wasu kamfanoni ma suna binne sandunan kabon a ciki. Ga mai sauke saiti da tsirkiyoyi masu kauri, ko mai tsirkiya 7 ko 8, wannan ya fi nau'in katakon jiki muhimmanci.

Akwai kuma jitar da wuyanta ya ratsa jikin har ƙarshe, kamar Jackson Soloist. A irin wannan, fikof da jaki duk a kan katakon wuya suke zaune, katakon da takarda ta kira na jiki fukafukai ne kawai da aka manna hagu da dama. In an rubuta maka alda a kan irinta, ka sani tsirkiyarka a kan mefil take.

Allon yatsu, ko rozwud ne ko eboni, dangin kanya, ko mefil, ka zaɓe shi don santsinsa a ƙarƙashin yatsa. Tsirkiya a kan ƙarfe take sauka, ba a kan allon ba.

Mataki na 5: Gwada ta ba wuta

Ɗauki jitar, kada ka haɗa waya tukuna. Rataya ta da ɗamara ka tsaya, ka saki hannu biyu. In kanta ya sunkuya ƙasa, kamar yadda SG da yawa ke yi saboda sauƙin jiki, hannunka na hagu zai riƙa aiki biyu, tallafe wuya da danna tsirkiya. Ɗamara mai faɗi ta fata marar santsi tana rage wannan.

Auna nauyinta a sikeli in da hali. Les Paul kan kai kilo 4 zuwa 4.5, wasu na shekarun 1970 sun haura 5, shi ya sa daga farkon shekarun 1980 Gibson ta fara huda ramuka a cikin mahoganin kafin a rufe da fuska. Jita irin ta Strat ta Fender ko RG ta Ibanez kan tsaya wajen kilo 3.5. Bambancin kilo 1 ba komai ba ne a minti biyar na farko. A awa ta biyu ne kafaɗa ke ba da labari, kuma gajiyayyen hannu ba ya buga tsirkiya da kyau.

Sannan ka bi wuyan firet bayan firet, tsirkiya bayan tsirkiya, ka buga kowane sauti da ƙarfi iri ɗaya kana ƙirga daƙiƙoƙi har ya mutu. Yana ɗaukar lokaci, amma ka yi haƙuri ka yi shi. Ka fi mai da hankali a tsirkiya ta uku da ta huɗu, daga tsakiyar wuya zuwa firet na 14. In ka sami sautin da ya mutu da wuri, ga yadda za ka san mai laifi: jingina kan jitar da bango ko ƙyauren ƙofa, ka danna shi a hankali, ka sake bugawa. In amon ya dawo ya daɗe, rawar wuya ce, halin wannan jitar ne. In bai sauya ba, mai yiwuwa firet ne ya ɗago ko ya cinye, wannan kuwa mai gyara zai daidaita shi.

Kada ƙarar jita ba wuta ta ruɗe ka. Ƙarar da kake ji a iska ƙarfi ne da ya bar tsirkiya ya shiga katako. Jitar da ke girgiza maka ciki tana da daɗin riƙewa, ni ma ina son ta, kuma daɗin nan yana sa mutum ya kaɗa da kyau. Amma ba shi ne shaidar cewa za ta fi daɗewar amo a sifika ba.

Mataki na 6: Rufe ido ka saurara

An ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ido shi ne ke yaudarar kunne. Ka ga katako ja mai duhu, sai ka ji murya mai duhu. Ka ga fari tas, sai ka ji kaifi. Hanyar kuɓuta ita ce gwajin da ba ka san wadda ake kaɗa maka ba.

In jita biyu kake son gwadawa, sa musu sabbin tsirkiyoyi iri ɗaya, ka daidaita nisan fikof da ma'auni, ka yi amfani da waya ɗaya da 'yar robar kaɗi ɗaya. Naɗi sautin kowacce kai tsaye cikin kwamfuta ba tare da gurnani ba, sannan ka tura naɗin biyu ta amfilifaya ɗaya da saiti ɗaya. Daidaita ƙararsu sosai, domin kunne koyaushe yana zaɓar wadda ta ɗan fi ƙara. Ka kaɗa abu uku: bugun da ake danne tsirkiya da gefen tafin hannu a babbar tsirkiya, sauti uku a haɗe da za ka bari su yi ta amo, da sauti ɗaya a saman wuya. Naɗi kowanne sau uku a kowace jita. Ba wani ya cakuɗa su ya kunna maka sau 10, ka rubuta wadda kake zato.

In ka ci 9 ko 10, bambancin na gaske ne, sai dai ka tuna in fikof ɗinsu ba iri ɗaya ba ne, shi ka ji. In ka ci 5 ko 6, daidai yake da wanda ya yi canke. Da na yi wannan da jita biyu masu fikof iri ɗaya, ɗaya mahogani ɗaya baswud, ba gurnani na ɗan riƙa rarrabe su a farkon bugu. Da aka ƙure gurnani, bambancin da ke tsakanin naɗina na farko da na uku a jita ɗaya ya fi wanda ke tsakanin jitocin biyu. Hannuna ne ya fi sauyawa.

Mataki na 7: Ɗaga ƙara, ka shiga cikin 'yan'uwa

Akwai wuri ɗaya da jiki ke dawowa da ƙarfinsa: gaban sifika mai ƙara. Iskar sifika tana dukan jita, jikin ya girgiza, tsirkiya ta karɓa, fikof ya mayar wa amfilifaya, abin ya riƙa zagayawa. In ya zo daidai, sautin da ka riƙe ba ya mutuwa, sai ya rikiɗe ya haye sama yana waƙa. Jita mai sauƙi ko mai ramuka a ciki ta fi saurin shiga wannan hali, mai cikakken rami kuwa tana iya kufce maka ta yi ta kuka. Tsaya taku biyu daga sifika, riƙe sauti ɗaya, ka juya jikinka a hankali har ka sami inda ya kama. In kuwa ƙara ce siririya mai huda kunne ko da ka danne tsirkiyoyi duka, ba katako ba ne, naɗin fikof ne ke rawa, yana bukatar a jiƙa shi da kakin zuma.

Sannan ka kaɗa tare da mai ganga da mai bes, wato jita mai zurfin murya. Muryar da ta cika maka ɗaki kai kaɗai sau da yawa ɓacewa take yi a cikin taro, domin ƙasanta na bes ne, samanta na faya-fayan ganga. Wurin jita tsakiya ne. In ka ji jitarka mai kauri tana dagulewa, rage ƙasa a amfilifaya, rage gurnani kaɗan, ko ka sa ɗan akwatin gurnani mai suna Tube Screamer a gaban amfilifaya da gurnaninsa a ƙasa da ƙararsa a sama. Yana aske ƙasan sauti kafin ya shiga amfilifaya, bugun tafin hannu ya matse tsaf. In kuma jitarka siririyar murya gare ta, ɗan sauke fikof ta gefen ƙananan tsirkiyoyi, ka mayar da maɓallin kaifi na jikin jita daga 10 zuwa 7, ka matsar da makirfon zuwa gefen sifika. Bayan kowane sauyi ɗaya, sake kaɗa bugun nan na babbar tsirkiya tare da ganga kafin ka taɓa na gaba.